Kwamfuta ba ta ƙi ka ba, wani ne ya rubuta "ko" a gurbin "da"

A hutun da ya wuce na tarar da ɗan yayata a Gusau zaune gaban wata tsohuwar laftof ta aro, ya rafka tagumi kamar wanda aka ci bashinsa aka hana. A Wonaka ya tashi, ya shigo birni yana koyon rubuta manhaja a ɗaya daga cikin ƙananan cibiyoyin kwamfutar da suka yawaita a 'yan shekarun nan. Aikin da aka ba shi ba shi da wani girma. Manhajar za ta tambayi mutum ko ya biya kuɗin makaranta, ta karɓi "e" ko "a'a", idan kuma ya rubuta wani abu daban ta sake tambayarsa.

"Kawu, abin nan ya ƙiya," in ji shi. "In na ce e, ya ce in sake. In na ce a'a, ya ce in sake. To me yake so in ce?"

Ga abin da ya rubuta da harshen Python:

```
amsa = input("Ka biya? e ko a'a: ")
while amsa != "e" or amsa != "a'a":
    amsa = input("Sake rubutawa: ")
```

Na tambaye shi me malaminsu ya ce da ya nuna masa. Ya ce malam ya duba, ya ce ya goge, ya kwafo wanda ke kan allo. Wannan amsa ita ta sa na zauna rubutun nan, domin kuskuren yaron kuskure ne mai daraja, irin wanda ake gina darasin mako guda a kansa, aka kuma share shi kamar ƙura.

Aikin jarida na karanta, Python kuwa na koye ta ne da daddare don tace alƙaluman kasafin kuɗi, saboda haka zan yi bayanin yadda aka yi mini. Layi na biyu shi ne mai gadin ƙofa. Kalmar `while` tana nufin "muddin", alamar `!=` tana nufin "ba daidai yake da", `or` kuma ita ce "ko". Muddin sharaɗin ya zama gaskiya, na'ura za ta ci gaba da zagayowa tana tambaya. Sharaɗin yaron kuwa rassa biyu ne, "ko" ta haɗa su, kuma "ko" ba ta buƙatar fiye da reshe guda ya zama gaskiya. Mu gwada. Mutum ya rubuta "e". Reshen farko yana cewa amsar ba "e" ba ce, wannan ƙarya ne. Reshe na biyu yana cewa amsar ba "a'a" ba ce, wannan gaskiya ne. Ɗaya ya tabbata, sai a sake tambaya. Mutum ya rubuta "a'a". Yanzu reshen farko ne ya zama gaskiya, sai a sake tambaya. Kafin ƙofar ta buɗe sai an samo amsar da take "e" kuma take "a'a" a lokaci guda, kuma babu ita a duniya. Na'urar ba ta lalace ba. Abin da aka umarce ta shi take yi, da biyayyar da ta fi ta bawa.

Maganin kalma ɗaya ce: a cire `or` a sa `and`. Muddin amsar ba "e" ba ce, kuma ba "a'a" ba ce, a sake tambaya.

Abin da ya kamata malami ya tsaya a kai shi ne dalilin da ya sa yaro mai kaifin basira ya faɗa wannan rami, domin kusan kowane mai koyo yana faɗawa, a Gusau ne ko a Landan. Harshe ne ya yaudare shi. Idan Bahaushe ya ce "bai sha fura ko kunu ba", kowa ya gane cewa bai sha fura ba kuma bai sha kunu ba. Korewar ta lulluɓe abubuwan biyu gaba ɗaya, kamar bargo guda. Yaron ya yi tunani daidai a zuciyarsa: muddin amsar ba "e" ko "a'a" ba ce. Da ya zo rubutawa sai ya yaga bargon biyu, ya ba kowane reshe nasa "ba", ya bar "ko" a tsakiya yadda take. Nan ma'anar ta juye. Duk lokacin da korewa ta shiga cikin jimla ta rabu kan rassanta, dole "ko" ta koma "da", "da" kuma ta koma "ko". Ana kiran wannan ƙa'ida da sunan Augustus De Morgan, masanin lissafi na Ingila da ya rasu a 1871, abokin zamanin George Boole, wanda littafinsa na 1854 ya mayar da gaskiya da ƙarya abin da ake yi wa lissafi. Amma masana mantiƙi sun san ta ƙarnuka kafin su, William na Ockham ya bayyana ta tun ƙarni na 14.

Kuma mantiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, balle a ce ya fi ƙarfin 'ya'yanmu. Muhammadu al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a fannin, ya kuma kare shi lokacin da Suyuɗi ya soki karanta shi. Sullam na al-Akhdari, ɗan ƙaramin littafin mantiƙi na ƙarni na 16, ya daɗe yana yawo a zaurukan karatu na Afirka ta Yamma. Ɗalibin da ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji yadda ake rarrabe sharaɗin wajabci da sharaɗin inganci, ya riga ya san cewa kalma ɗaya tana rushe hukunci. Abin takaici shi ne a kai wannan ɗalibi ajin kwamfuta a ce masa ya kwafo daga allo.

Kuskuren ɗan yayata yana da alheri guda: yana ihu. Ƙofa ta ƙi buɗewa, kowa ya gani, dole a gyara. Ɗan'uwansa ne mai haɗari, domin shi shiru yake yi. A ce wata makaranta tana son manhajar shigar da makin jarrabawa, daga 0 zuwa 100. Mai koyon da ya ji an ce `or` ce ta jefa abokinsa cikin matsala, ba a kuwa faɗa masa dalili ba, sai ya rubuta:

```
while maki < 0 and maki > 100:
```

Wace lamba ce ta gaza sifili kuma ta wuce ɗari a lokaci guda? Babu. Sharaɗin ba zai taɓa zama gaskiya ba, don haka mai gadin ba zai taɓa tsayar da kowa ba. Malamin aji ya yi nufin buga 85, yatsansa ya zame ya buga 850, manhaja ta karɓa da hannu bibbiyu, ta haɗa jimla, ta fitar da na ɗaya a aji. A nan "ko" ce daidai, domin lamba ba ta da kyau idan ta gaza sifili ko ta wuce ɗari. Wanda aka koya wa haddar "a sa `and`" zai gyara manhajar farko ya ɓata ta biyu, ya kuma gwada da 70 da 45 ya ga komai lafiya, ya miƙa aiki, a biya shi. Akwai wani ɗan'uwan nasu na uku. Tunda Bahaushe yana amsawa da "e" ko "i", mai koyo yakan rubuta `if amsa == "e" or "i"`, yana zaton ya ba da zaɓi biyu. Python kuwa tana ɗaukar duk rubutun da ba fanko ba a matsayin gaskiya, saboda haka "i" ɗin da ke tsaye shi kaɗai gaskiya ne kullum, kuma duk wanda ya zo an rubuta ya biya.

Mai karatu da ke aiki a kotu ko a banki zai iya cewa wannan rigimar yara ce. To, ƙasar nan sau biyu tana kai irin wannan rigima gaban Kotun Ƙoli kan kujerar shugaban ƙasa. A 1979 doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano ya sami kusan kashi 20 cikin ɗari. Shin kashi biyu cikin uku na 19 jiha 13 ne, ko 12 da sulusi biyu? Waɗanda suka rubuta dokar ba su faɗi abin da za a yi da ɓurɓushin lissafin ba, sai da alƙalai suka yanke a watan Satumba na shekarar, saura kwanaki a rantsar da shi. A 2023 kuma gardamar ta koma kan kalmar "da" a sashe na 134 na tsarin mulkin 1999: kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Shin Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta, ko tana cikin lissafin jihohin? Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 26 ga Oktoba cewa ba a ware ta daban ba. Bambancin doka da manhaja shi ne doka tana da alƙalin da zai zauna ya nemo nufin marubucinta. Manhaja ba ta da alƙali. Abin da aka rubuta shi ne hukunci, kuma nan take ake zartar da shi kan wanda ke tsaye gaban tebur.

Manyan kamfanoni ma suna tuntuɓe a wannan dutsen. A ranar 31 ga Disamba 2008, na'urorin sauraron kiɗa na Zune masu gigabait 30, na kamfanin Microsoft, suka daskare a ko'ina. Dalilin wani ɗan zagaye ne da ke ƙirga kwanaki don gano shekara. Sharaɗinsa ya ce muddin kwanaki sun wuce 365 a ci gaba da zagayawa, a shekara mai tsawo kuma ba a rage komai sai sun wuce 366. Ranar ƙarshe ta 2008 ita ce rana ta 366 cif. Ta wuce 365, don haka ba a fita. Ba ta wuce 366 ba, don haka ba a rage komai. Na'ura ta yi ta zagaye a wuri guda kamar ta ɗan yayata, kamfanin kuma ya shawarci mutane su bar batir ya ƙare su jira gobe. A ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Rahoton kamfanin da kansa ya ce an tsara wurin karɓar bayanai 21, aka ba shi 20, babu kuma sharaɗin da ya duba adadin kafin a miƙa hannu a ɗauko na ashirin da ɗayan.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba a Amurka yake ba. Sharaɗi yana iya zama daidai a mantiƙi, `and` tana wurinta, `or` tana wurinta, ya kuma zama zalunci, domin an gina shi kan zaton banza game da mutanen da za su zo ƙofar. Mafi yawan darussan da yaranmu ke kwafa an rubuta su ne don masu suna John da Mary. Darasin zai ce suna haruffa ne zalla daga A zuwa Z, duk abin da ba haka ba a mayar da shi. Sai Sa'adu ya zo, da Mu'azu, da Ja'afar, da Asma'u, da A'isha. Fom ya ce musu sunan ba daidai ba ne. Ƙasar da ta yi shugaba mai suna Umaru Musa 'Yar'adua, hamza biyu a suna guda, jihar da Abdul'aziz Yari ya mulka shekara takwas, ita ce ke cike da fom-fom na intanet da ba su san hamza ba. Mutumin 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai da ke ƙasar Tsafe, ba zai iya rubuta sunan garinsu daidai ba, haka na 'Yankuzo. Ɗahiru da Ɗanjuma da mutanen Ƙauran Namoda kuwa an saba musu da yanke ƙugiyar haruffansu har sun daina jin zafi. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, suna kuma cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Babu wata na'urar zamani da ta gaza ɗaukarsu. Mai rubuta sharaɗin ne ya tsaya kan ASCII, tsarin haruffa 128 da aka fitar a Amurka a 1963.

Idan fom ya ƙi suna, ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ba ya rufe ofis, dabara yake yi. Wannan ya rubuta Saadu, wancan Sa adu, na uku Saad. Mutum ɗaya ya zama uku a rumbunan bayanai uku. A da hakan bai dami kowa ba. Yanzu kuwa akwai BVN tun 2014, akwai umarnin haɗa layin waya da NIN na Disamba 2020, wanda ya kai ga toshe kiran layukan da ba a haɗa ba a Afrilun 2022, JAMB kuma ta wajabta NIN tun 2021. Dukkansu suna kwatanta suna da suna, kuma na'ura harafi da harafi take kwatantawa. Na taɓa raka wani dattijo na gidanmu wani ofishi a Gusau har sau uku kan irin wannan saɓanin, kowace tafiya da kuɗin motarta da wunin gonarta. Wanda ya san halin da hanyoyin ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu suke ciki a shekarun nan ya san cewa "ka dawo gobe" ba ƙaramar magana ba ce. A ƙarshe an sa dattijon ya rantse a kotu cewa shi ne shi. Wanda ya rubuta layin da ya haifar da saɓanin bai san an yi ba, kuma ba mamaki a lokacin da ya rubuta shi ya ji daɗin cewa ya tsare ƙofa da kyau.

Na san hujjar da za a kawo. Za a ce an hana hamza ne don tsaro, domin alamar tana da aiki a harshen SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi, kuma ɓarayin intanet suna amfani da ita su cusa umarninsu. Haɗarin gaskiya ne. Maganinsa kuwa sananne ne tun da daɗewa: a tura umarni daban, a tura bayanin mutum daban, ta yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Kowane harshen manhaja da ake amfani da shi yau yana da hanyar yin haka, kuma layi ɗaya ne ko biyu. Mutanen Ayalan masu suna O'Brien da O'Neill sun daɗe suna kokawa da wannan lalaci. Hana hamza don tsoron ɓarawo daidai yake da mai gadin da ya kori duk mai rawani domin an taɓa yin sata da rawani.

Hujja ta biyu ta fi sabunta: me ya sa za a wahalar da yaro da jadawalin gaskiya da ƙarya alhali ChatGPT zai rubuta masa zagayen cikin daƙiƙa biyar? Zai rubuta, kuma akasari zai sa `and` a wurinta. Sai dai idan ba a faɗa masa ba, babu tabbacin zai yi la'akari da cewa masu cika fom ɗin 'yan Kwatarkwashi ne, cewa da yawansu ba su da abin da Bature ke kira sunan iyali sai sunan uba ko na gari, cewa lambar wayar Najeriya mai lamba 11 da sifili take farawa, kuma idan aka adana ta a matsayin adadi sifilin zai faɗi ta koma 10 a ce ba ta cika ba. Wanda bai iya karanta sharaɗi ba ba zai iya duba wanda aka rubuto masa ba. Ya tashi daga kwafar allo ya koma kwafar waya, ke nan. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda. Yaran da ke fitowa daga waɗannan wurare su ne za su rubuta fom ɗin asibiti da na albashi da na rabon taki nan da 'yan shekaru. Yawan takardun shaida da aka raba ba ya gaya mini komai. Ina son in san mutum nawa daga cikinsu za a ba sharaɗi mai rassa biyu su faɗi, ba tare da kunna kwamfuta ba, wa zai shiga wa za a mayar.

Abin da nake nema daga malamai ba ya cin ko kwabo, ba ya ma buƙatar wutar lantarki, wadda dama ba ta zama. Kafin yaro ya taɓa madannai, ya ɗauki takarda ya ja layi, ya rubuta amsoshin da mutum zai iya bayarwa a gefe guda, ya bi kowane reshe na sharaɗin yana rubuta gaskiya ko ƙarya da hannunsa. Ya gwada bakin iyaka, 0 da 100 da 101, domin can kuskure ke kwana, ba a 70 ba. Ya gwada barin wurin fanko. Idan manhajarsa ta maƙale, a hana shi gogewa har sai ya sa ta buga darajar kowane reshe a kowane zagaye ya ga da idonsa wanne ne ya ƙi zama ƙarya. A koya masa ya rubuta abin da yake so a karɓa, ya kore shi sau ɗaya daga waje, `while amsa not in ("e", "a'a")`, wanda kusan fassarar tunaninsa na Hausa ce kalma da kalma. Saƙon da fom ke ba mutum ma ya faɗi abin da ake nema, maimakon "ba daidai ba" da ke barin dattijo yana zargin kansa da jahilci. Kuma kowane aji ya manna jerin sunayen gwaji a bango, sunayen ɗaliban ajin da na garuruwansu, duk manhajar da ta ƙi ɗaya daga ciki ba ta ci jarrabawa ba.

Haka muka yi da ɗan yayata a daren, da biro da bayan takardar kalanda. Ya cika layi biyu kacal ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ashe ni na rufe ƙofar." Ya gyara. Kwana biyu bayan na koma bakin aiki ya kira ni, wai ya tura manhajar ga wani abokinsa ta sake ƙin "a'a". Sai da muka ɓata rabin awa kafin mu gano cewa wayar abokin tana lanƙwasa hamza da kanta idan ana rubutu. A ido alama ɗaya ce, a wurin na'ura kuwa miƙaƙƙiyar hamza da lanƙwasasshiya haruffa biyu ne masu lamba daban, akwai ma ta uku da Unicode ke lissafawa a cikin haruffa. Yanzu manhajarsa tana mayar da dukkan ukun zuwa guda, tana share sararin da yatsa ya bari a gaba da baya, tana mayar da manyan haruffa ƙanana, sannan ta kwatanta. Ya ce a ajinsu mutum huɗu ne ke da hamza a sunansu, kuma fom ɗin rajistar da aka ba su su kwafa daga allo bai karɓi ko ɗaya daga cikinsu ba.